Tanti Balkissa da Ƙeyar Yayata

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na unguwar Talladjé a Yamai ya san muryar Tanti Balkissa. In ta yi sallama a ƙofar gida, har ƴan fada masu shan shayi a ƙarshen layi sukan amsa. Ita kaɗai ce ba ta san ƙarfin muryar tata ba, don tun tana yarinya rabonta da jin sautin komai. Hausarta tsaf take, irin ta mutanen Dogondutsi. Amma in kai ne za ka yi mata magana, sai ka tsaya a gabanta inda haske ke faɗa wa fuskarka, don bakinka take karantawa. In kuwa abin da kake faɗi bai yi mata ba, sai ta juya maka baya ta bar ka da surutunka. Masu taksi sun sha wannan a hannunta.

Ni tela ne, shagona na jikin gidanmu. A kan bencina takan zauna ta jira mota, ni kuma in tsayar da keke in juyo, don ba a hira da ita ana kallon allura. Yawancin abin da zan faɗa, a kan bencin nan na ji shi. Sauran kuwa a tsakar gidanmu ya faru.

Ita ce ɗiyar fari a ɗakinsu. Babanta direban babbar mota ne, shi ya kwaso su daga Dogondutsi zuwa Yamai tana ƙarama. Tana wajen shekara goma, tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, kamar sauran yara, sanƙarau ya shigo gari da bazara. Ta ce ba ta tuna komai sai ciwon wuya da ƙishirwa. Da ta farfaɗo a asibiti ta ga mutane kewaye da gadon, bakunansu na motsi, sai ta zaci raɗa suke yi don kada su dame ta. Can sai kwanon sha ya suɓuce daga hannun gwaggonta ya daki siminti. Kowa ya zabura. Ita ta ga kwanon yana ta juyi a ƙasa, shiru.

"Ni ai na yi sa'a, Nazifi," ta ce mini. "Ciwon ya tarar na riga na iya magana. Na iya Fatiha, na iya ciniki, na iya zagi. Abin da na tara kafin nan shi nake ci har yau."

Kafin shekara ta zagayo ta iya karanta bakin kowa a gidansu, in ban da mutum ɗaya. Ran da ta faɗa mini haka ba ta ce ko wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Babanta ya kai ta makarantar kurame, a can ta koyi maganar hannu. Da ta gama aka riƙe ta tana koyar da ajin ƙanana. Ta auri Sumana kafinta, shi ma kurma ne, suka haifi ƴaƴa masu ji. A wurin ɗanta na fari ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Yaron ko rarrafe bai ƙware ba, sai ga shi yana dunƙule hannu yana buɗewa in yana son nono, kamar yadda ya ga tana yi masa. Nan ta gane cewa jariri yana da abin faɗi tun bakinsa bai iya ba, kuma hannunsa na iya faɗa masa.

A makaranta kuwa, yaran da ake kawo mata sun shekara bakwai, wasu takwas, ba su da kalma ko ɗaya. Wani bai ma san yana da suna ba. In yana son abu sai ya fizge, in an hana shi ya kai cizo, iyayen su ce taurin kai gare shi. Takan tambaye su, "Yaushe kuka gane ba ya ji?" Su ce tun yana goye. "To, mi kuka yi?" Su ce jira suke ya isa shiga lakwal. Wannan jiran ne ya hana ta sakat. Ta fara bin gidaje da la'asar bayan an tashi. Daga baya ta bar wa wata ajin, ƙungiyarsu ta kurame ta tsaya mata, ta koma aikin jarirai gaba ɗaya. Mutane suka yi ta tambaya wai wannan ma aiki ne, babbar mace ta zauna a tabarma tana wasa da jinjiri? Yau ƴan mata biyu ke bin ta suna koyon aikin, ɗayarsu daga Lamordé take hayo gada kowace safiya.

Yadda take nemo yaran ma abin kallo ne. Ranar awon jarirai takan je gidan likita na unguwa da murfin tukunya a jakarta. Ta tsaya bayan layin mata, ta sake shi a siminti. Ita ba ta jin ƙarar, idonta na kan jariran. Wanda ya zabura, wanda ya tsala kuka, ta wuce shi. Wanda bai motsa ba, shi ta zo nema. Ba ta yanke hukunci da kanta, takan ce a kai shi likita ya duba kunnen da na'ura. Da farko ta sha wuya. Akwai gidan da aka kore ta da tsintsiya, aka ce mugun bakinta ne zai toshe wa yaro kunne. Mata sukan ja mayafi su rufe goyonsu in ta wuce. Ta ce mini wannan bai dame ta ba sosai, tunda yawancin zagin a bayanta aka yi shi. Yanzu kuwa ma'aikatan awon sun saba, da sun hango ta sai su toshe kunnuwa suna dariya, yaran unguwa kuma suna ce mata Mai Murfi.

Da murfin nan ta samo Nafissa, ɗiyar yayata Rahina.

Gidanmu na haya ne, mai ɗakuna da yawa. Ni da Inna, mahaifiyarmu, muna gefe guda, Rahina da mijinta Illo suna ɗakin da ke fuskantar namu. Illo direba ne, ya fi kwana a hanya, shi ya sa ya kama ɗaki kusa da Inna. Nafissa ce haihuwarsu ta fari. Ran da murfin ya faɗi, duk jariran layin suka ɗauki kuka, ita tana ta wasa da bakin kallabin uwarta. Tanti ba ta ce komai a gaban mutane ba. Da la'asar ta shigo gida, ta sa aka kira Inna, ta faɗa a hankali, gwargwadon yadda muryarta ke iya hankali. Aka kai ta likita ya duba, ya tabbatar.

Inna ta ce za a karɓo rubutu. Tanti ta ce, "A karɓo, ni ma zan sa ta a addu'a. Amma hannu gobe za mu fara."

Illo da ya dawo daga tafiya ya ce shi tsoronsa in ta saba da hannu, bakin zai mutu gaba ɗaya.

"Ƴaƴana da hannu suka fara," in ji Tanti. "Je ka gidana ka rufe musu baki in ka iya, ni zan ba ka goro."

Aka fara a tabarma, gindin darbejiyar tsakar gida. Dokokinta ba su da yawa. Ka dafa kafaɗar yarinyar, ka jira sai idonta ya zo naka, sannan ka yi alamar, sannan ka ba ta abin. Kada ka kama haɓarta ka juyo da ita da ƙarfi. Kada ka zauna rana na bayanka, don fuskarka za ta yi duhu. Wadda ta fi maimaitawa, har muka haddace, ita ce kada a ba yarinyar nan baya.

Rahina ta fi mu duka saurin ɗauka. Abin da aka nuna mata sau ɗaya ya zauna, hannunta kuma ba ya karkacewa irin nawa. Sai dai Tanti take yi wa, ko ni. Ba ta yi wa Nafissa.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma ba da wasa ba. Inna mutuniyar Tasawa ce. Rahina ce ɗiyarta ta fari, kuma tunda nake ban taɓa jin sunan Rahina a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "yayarku". Ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Da Rahina ta haihu, ita ma ta ɗora daga inda Inna ta tsaya. Ba ta kiran sunan Nafissa. In za ta ba ta nono sai ta kau da kai wajen bango, in ta ƙoshi ta miƙa wa Inna ko ni. Matan gida suna yaba mata, suna cewa yarinyar nan ta san ya kamata, ba irin ƴan Yamai na yanzu ba masu rawa da ɗan fari a gaban surukai.

Tanti ta yi mata magana ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ita ce, "To, Tanti." Rahina ta gaya mini ko a ɗaki daga ita sai ɗiyar ta gwada, idonta ba ya iya tsayawa, sai ta ji kamar Inna na tsaye a bakin ƙofa.

Wata rana Tanti ta bi ta kasuwar Petit Marché, inda Rahina ke da teburin kayan miya. Ta zauna kan buhun albasa tun hantsi har azahar tana kallo. Da ta dawo ta zube a bencina, ta cire tabarau tana murza ido.

"Yayarka surutu gare ta," ta ce. "Bakinta bai huta ba, Hausa, Zabarmanci, har Faransancin ciniki. Da ɗiyar nan tana ji, a bayan nan za ta kwashe su duka, ba sai an zaunar da ita ba. Haka kowa ya koya, kai ma a baya ka koya. Amma ita mi ta gani yau tun safe? Ɗaurin kallabi a ƙeyar uwarta."

Duk da haka Nafissa ta yi ta ɗauka a wurinmu. Kafin ta fara tafiya ta iya nono, ta iya ruwa, ta iya ƙari, ta iya zafi. Kukanta ya ragu, don ta samu hanyar faɗin abin da take so. Sai kuma ta shiga raɗa wa mutane suna da kanta. Ni, takan juya hannu kamar mai juya kan keken ɗinki. Babanta, ta riƙe kan mota da hannu biyu tana murzawa. Ran da Illo ya fara gani ya zauna a ƙasa ya sa ta yi ta maimaitawa har tuwonsa ya huce, kuma bai ƙara maganar mutuwar baki ba. Inna jan carbi ce. Tanti kuwa yatsu a kan ido, saboda tabarau.

Wata la'asar matan gida duk suna waje, Tanti na wasan da ta saba yi da ita. Takan nuna mutum ta ɗaga gira, Nafissa ta faɗi sunansa da hannu. Ta nuna ni, aka juya keke. Ta nuna Inna, aka ja carbi. Sai ta nuna Rahina, wadda ke bakin pampo tana wanke kwanoni. Nafissa ta dube ta, ta kai hannu ta dafa ƙeyar kanta, ta kau da fuska gefe.

Matan gida suka fashe da dariya. "Wallahi ta kwaikwaye ta! Sake nuna mata, Tanti!"

Rahina ta waiwayo tana tambayar abin da aka yi. Wata ta nuna ta da yatsa. Nafissa ta sake dafa ƙeya, ta kau da kai, tana murna ta yi abin da ya sa kowa dariya.

Rahina ta tsaya da kumfa a hannu. Sai ta ɗauraye hannun, ta bar kwanonin a nan, ta shige ɗaki ta saki labule. Tanti ba ta yi dariya ba. Ta tattara kayanta ta fita ko sallama babu, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

Washegari da hantsi ta dawo, ba jaka, ba kayan wasa. Inna na zaune tana tsinke zogale a faifai. Tanti ta jawo ƴar kujera ta zauna daf da gabanta, ta ɗauki reshe ita ma.

"Yaya Hadizatu, wurinki na zo yau."

"Ni kuma wane yare za a koya mini da tsufana?" in ji Inna.

"Ɗago kai, ban ga abin da kika ce ba."

Inna ta ɗago ta maimaita.

"Ba koyarwa na zo ba, roƙo na zo. Ki sake ta ta dubi ɗiyarta."

"Na ɗaure ta ne? Malama, kunya ba ƙiyayya ba ce. Haka aka yi mini, haka na yi wa waccan. Ta lalace? Ta taɓa kwana da yunwa?"

Tanti ta ƙwala wa Rahina kira har kaji suka watse. Rahina ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Innarki ba ta kiran sunanki, ba ta kallonki. Ta yaya kika san tana kula da ke?"

Rahina ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

"Faɗi, kuma ki ɗago."

"Ina ji, Tanti. In ba ni da lafiya ina jinta daga ɗaki tana ce wa Baba a kai yarinyar nan likita. In an yanka kaza ina ji tana cewa a ajiye wa waccan cinya. Ran da zan tare na ji ta a bayan ɗaki tana kuka, ta ce wa mutane hayaƙi ne."

Inna ta sunkuya kan faifanta.

"Da kunne ke nan," in ji Tanti.

"Da kunne."

Tanti ta ajiye reshen. "Ni ma ɗiyar fari ce, Yaya. Da na tashi daga ciwon nan na koyi bakin babana, na koyi na ƙannena, har na mai kawo mana ruwa. Na innata kaɗai ne ban taɓa iyawa ba, don ba ta taɓa yi mini magana fuskarta na kallona ba. Ƙannena sun ce tana yi, wai har albarka tana sa mini. Ni gefen kunnenta nake gani. Ta rasu ina da ƴaƴa biyu, ban san kalma ɗaya da ta faɗa mini ba tun ina shekara goma. Ban riƙe ta a zuciya ba, abin da aka koya mata ta yi. Kuma ni ina da muryarta ta da a ajiye, in na so sai in tuno. Jikarki fa? In ta girma mi za ta tuno?"

Nan na san mutum ɗayan da ba ta faɗa mini ba.

Inna ta daɗe tana tsinkar ganye. Can ta ce, kanta a ƙasa, "Na ji."

"Mi ta ce?" Tanti ta tambaye ni.

"Ta ce ta ji."

"Madalla, ita da ke da kunne." Ta miƙe ta kakkaɓe zane ta tafi.

Ranar ba abin da ya sauya, washegari ma haka. Sai ran Juma'a da yamma, lokacin da kowace mace ta fito da murhunta tsakar gida, Inna ta kwance Nafissa daga bayanta. Ta taka har inda Rahina ke zaune tana yankan kuɓewa, ta janye kwanon da wuƙar, ta ɗora mata yarinyar a cinya, fuska da fuska. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni na sa ta. Kunyar nan ni na ɗauke mata, tana wuyana. Wadda ke da magana ta zo ta same ni, ga ɗakina can."

Ko a lokacin ba ta dubi Rahina ba, bango take yi wa magana. Ta koma tabarmarta ta ɗauki carbi.

Rahina ta dafa kafaɗar ɗiyarta yadda aka koya mana, ko da yake yarinyar na kallonta. Idonta ya je, ya gudu, ya dawo. Ta yi alamar nono, ita ce ta fara zo mata. Nafissa ba ta kula da nonon ba. Ta tsura wa fuskar ido kamar an kawo mata baƙuwa, sannan ta miƙa yatsa ta zura wa uwarta a hanci. Wata ta tuntsire da dariya. Rahina ma ta yi, hawaye na bin kumatunta.

Bayan ƴan kwanaki hanya ta bi da ni ta Petit Marché. Na tarar da Nafissa zaune cikin babbar roba a kan tebur, tsakanin tumatir da tattasai, tana fuskantar uwarta. Rahina na auna wa mutane kaya, tana ɗaga kowane abu kusa da fuskarta ta yi alamarsa kafin ta zuba a leda. Fati, wata Bazabarmiya mai sayar da yaji a teburin gaba, tana ta yi mata tsiya.

"Fofo, sannu Anasara, Baturiyar layinmu! Yau ma an baje ɗiyar fari a tebur? Mu dai iyayenmu ba su koya mana haka ba. Saura ki saya mata keken turawa."

"Ke dai auna yajinki, Fati. Da ke aka baje a tebur kina ƙarama, da kin fi haka wayo."

"Ji ta! Nazifi, yayarka ta haɗa kunyarta da tumatir ta sayar."

Tana faɗi tana ɗaga jan barkono wajen Nafissa, tana fifita baki da hannu, yarinyar na mayar mata. Ashe ita ta koya mata alamar yaji, kuma kullum sai sun yi.

Tanti kuwa ta samu sabuwar hanyar aiki. In ta shiga gida ta tarar jinjirin ɗan fari ne, ba ta ƙara ɓata bakinta a kan uwar. Sai ta zo ta ari Inna. Inna ta yafa mayafinta na zuwa biki, su shiga taksi, ta je ta zauna da kakar yaron su yi maganarsu ta tsofaffi. Har Lamordé sun je. In ta dawo takan ce ita ba aiki take yi ba, rakiya ce kawai. Amma na lura tana tambayar Tanti yaushe za a koma.

Sunan ne dai bai sauya ba. Makonni suka wuce, Nafissa na hira da uwarta da hannu safe da yamma, amma in an nuna Rahina sai ta dafa ƙeya. Matan gida sun daina dariyar. Ni dai ina ganin yadda fuskar Rahina ke yi. Na ce wa Tanti ko mu koya mata alamar uwa irin ta makaranta, mu hana ta waccan.

"A'a," ta ce. "Ita ta raɗa, kuma da abin da ta gani ta raɗa. In ta ga wani abu za ta sauya. In ba ta sauya ba, mu ne ba mu gama aikinmu ba."

Da damina ta sauka, wata safiya layinmu ya cika da taɓo har Rahina ta fasa zuwa kasuwa. Tanti ta shigo riƙe da takalmanta a hannu, tana zagin masu taksin da suka ƙi shigowa unguwa. Nafissa, wadda yanzu take tafiya da ƙafarta, ta taro ta ta kama zanenta. An yi mata sabon kitso, ƴan ƙanana guda-guda. Tanti ta tsuguna, ta shafa kitson, ta tambaye ta da hannu wa ya yi mata.

Nafissa ta buɗe baki, ta ɗora yatsa a tsakanin haƙoranta biyu na gaba.

Tanti ta zaci haƙori ke fito mata, ta yi alamar zafi tana tambaya. Yarinyar ta girgiza kai. Ta waiga ta nuna Rahina, ta sake ɗora yatsar a wurin.

Yayata na da wushirya. Ba kowa ya sani ba, don sai ta yi dariya sosai take fitowa, ita kuwa ba mai yawan dariya ba ce a gida.

Tanti ta dubi Rahina. "Buɗe baki in gani."

Rahina ta rufe bakin da hannu, dariyar ta ƙwace mata, wushiryar ta fito fili.

"Tun shekaranjiya take yi, Tanti. Na ce ba zan faɗa miki ba sai kin gani da idonki."

Inna daga kan tabarmarta, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Wushiryar ai tawa ce aka gada. Tawa dai ta faɗaɗa ne."

Tanti Balkissa ta sake duban yarinyar. Ta miƙe ta juya mana baya, ta cire tabarau, ta tsaya tana kallon darbejiya kamar yau ta fara ganinta. Mu manya muka ƙyale ta. Nafissa ce ba ta yarda ba. Ta taka cikin taɓo ta je ta bubbuga mata ƙafa, ta ɗaga kai ta jira, yadda aka koya mata, har sai da Tanti ta juyo ta dube ta.

"To, Malama," in ji Tanti da ƙarfi, tana share fuska da bakin mayafi. "Ga ni, na juyo."